Ƙa'ida Takunkumi Ce Ko Tsani? Darasi Daga Wuyan Mandolin

A wani zaman karatu da reshenmu ya yi kwanakin baya, wani matashi ya tashi ya karanta waƙarsa mai baiti goma sha biyu. Da ya kammala aka tafa masa, sai wani dattijo daga cikin iyayen ƙungiya ya gyara zama ya ce, "Yaro, ma'anarka ta yi kyau, amma karinka ya karye a wuri huɗu, kuma amsa-amonka ya ɓace tun daga baiti na bakwai." Matashin bai yi rashin kunya ba. Ya russuna ya ce, "Baba, a gafarce ni, ni a ganina waƙa baiwa ce, baiwa kuwa ba ta son takunkumi. In na tsaya ƙirgar gaɓoɓi, abin da ke zuciyata zai huce kafin ya kai takarda." Nan fa zaure ya rabu biyu, wasu na bayan dattijo, wasu na bayan yaro, har aka kira sallar Magariba ba a tsayar da magana ba. Abin da ya fi damuna shi ne, tun daga wannan rana matashin bai sake leƙo zamanmu ba.

Ban ce uffan ba a wurin, domin abin da zan kafa hujja da shi zai iya sa a yi mini dariya. Shekara uku ke nan ina kokawa da wannan tambaya, amma a jikin wata 'yar garayar Turawa da ake kira mandolin. Tambayar kuwa ita ce: shin 'yancin mai fasaha yana cikin kuɓuta daga ƙa'ida ne, ko kuwa ta cikin ƙa'idar ake bi a isa gare shi? Na san malamanmu sun yi saɓani game da hukuncin kayan kiɗa masu tsirkiya, kuma ni ba fatawa na zo bayarwa ba, wannan fage ne na masu shi. Misali kawai zan kawo, mai karatu ya auna ya ga ko zai yi masa amfani a kan alƙalaminsa.

Ita Mandolin Ɗin

Na tsince ta ne a ɗakin ajiya na makarantar da nake koyarwa, ranar da aka sa mu ƙidayar tsofaffin kaya. An ce wani malami baƙo, cikin waɗanda suka zo koyarwa daga ƙasashen waje a shekarun 1980, shi ya tafi ya bar ta. Shugaban makaranta ya duba ya ga ba ta cikin rajistar kayan gwamnati, ya ce in ɗauka kafin gara ta riga ni.

Mandolin 'yar ƙarama ce, ba ta kai tsawon hannun babban mutum ba. Tsirkiyoyinta takwas ne na ƙarfe, an jera su bibbiyu, kowane biyu sautinsu ɗaya, wato dai sautuka huɗu ke nan, waɗanda ake yi wa laƙabi da haruffan G, D, A da E, daidai da ɗaurin gogen Turawa. A wuyanta an gitta 'yan sandunan ƙarfe waɗanda suka raba shi gaɓa-gaɓa kamar rake, kowace gaɓa da sautinta. Da ɗan farcen roba ake kaɗa ta. Sautinta yana da kaifi amma ba ya jimawa, da an taɓa sai ya mutu, shi ya sa makaɗanta kan riƙa karkaɗa farcen sama da ƙasa da sauri in suna son sauti ya yi tsawo.

Asalinta ƙasar Italiya ne. Irin wadda aka fi sani ta fito daga birnin Napoli a tsakiyar ƙarni na 18, inda wani gida na masassaƙa da ake kira Vinaccia ya yi suna wajen ƙera ta. Manyan mawallafan kiɗan Turai sun rubuta mata: Mozart ya sa ta a wasansa na Don Giovanni a 1787, Beethoven kuma ya tsara mata 'yan kaɗe-kaɗe a 1796. Daga baya ta bi 'yan ci-rani ta ƙetara teku. A Amurka ta faɗa hannun Bill Monroe, mutumin jihar Kentaki, wanda aka haifa a 1911 ya rasu a 1996, ya gina salon kiɗan karkara da ake kira bulugiras a kanta. A Barazil akwai Jacob do Bandolim, a Indiya kuma U. Srinivas. A salon Monroe makaɗa kan tsaya a da'ira, a fara da raujin da kowa ya sani, sa'an nan a riƙa ba kowa zagayensa ya ƙaga abin da ya zo masa nan take, sauran suna riƙe masa taki. Wannan ƙagawa ta nan take ita ce ta ɗauki hankalina da na fara kallon su a waya, na ce ni ma ita nake so.

Wata Shida Na 'Yanci

Da farko ra'ayina daidai yake da na matashin nan. Na ce tun da abin ƙagawa ne, me zai kai ni ga littafi? Na sayi sababbin tsirkiyoyi, na koyi ɗaure su, na shiga kaɗa duk abin da yatsuna suka ga dama. Babu malami, babu doka, babu mai cewa na yi kuskure. Wata shida na yi a haka, ina jin daɗi ƙwarai, ina ganin kullum sabon abu nake fitarwa.

Wata rana na naɗi kaina a waya, kwana bakwai a jere, na zauna na saurara gaba ɗaya. Abin da na ji ya ba ni kunya. Ashe 'yan jimloli uku ne rak nake ta juyawa, na Litinin su ne na Alhamis, su ne na Asabar. Yatsana manuni da na tsakiya sun saba da wasu gaɓoɓi huɗu da ke kusa da juna, can suke komawa kamar akuyar da ta saba da turke, ko an kwance ta nan za ta kwanta. Ɗan ƙaramin yatsana kuwa bai taɓa taɓa tsirkiya ba.

A nan na fara gane abu na farko. Wanda ya ƙi ƙa'ida bai zauna babu shugaba ba, sabo ne ya hau kansa, sabo kuwa mugun sarki ne domin ba ya bari ka san yana mulkinka. 'Yanci dai zaɓi ne, zaɓi kuma ba ya yiwuwa sai mutum ya san hanya fiye da ɗaya. Baƙon da aka sauke a tsakiyar Kurmi bai san lungu ko ɗaya ba, babu wanda ya ɗaure shi, amma ina zai je? Zai yi ta zagaya wurin da aka ajiye shi ne. Ɗan gari shi ke da ikon cewa yau ta nan zan bi, gobe ta can.

Babban Tsani

Sai na sunkuyar da kai na koma ɗalibi. Abin da aka fara koya mini shi ne, a kiɗan Turai sautuka goma sha biyu ne ke tsakanin sauti da takwaransa na sama, kowace gaɓa ta mandolin ɗaya ce daga cikinsu. Ba a amfani da su duka a lokaci guda. Akan zaɓi bakwai a jera su kamar matakan tsani, a bar biyar. Jeri biyu ne suka fi shahara, Turawa na kiran su mejo da maino, wato babba da ƙarami, ni kuma zan kira su babban tsani da ƙaramin tsani.

Babban tsani tazararsa ita ce: gaɓa biyu, biyu, ɗaya, biyu, biyu, biyu, ɗaya. Shi ne do-re-mi ɗin da ake rera wa yara a makaranta. In ka fara daga tsirkiyar G, sai ka kaɗa ta a sake, sa'an nan ka danna gaɓa ta 2, ta 4 da ta 5, ka koma tsirkiyar D ka maimaita haka, shi ke nan ka hau tsanin ka kai ƙarshe. Sautin farko shi ne gida. Duk yawon da rauji zai yi, kunne na jiran ya dawo nan ya huta. A ƙarƙashin rauji kuma akwai haɗin sautuka uku-uku da mai rakiya ke kaɗawa, suna canzawa bisa tsari, mai ƙagawa kuwa dole ya san wane haɗi ake kai a kowane taki, domin ya sauke ƙafarsa a kan sautin da ya dace da shi.

Na shafe watanni ina hawa ina sauka, har maƙwabta suka gaji. Amma abin mamaki, tun a wata na uku na ga wuyan nan da nake yi wa kallon daji ya zama gari mai tituna. Na san in na tsaya a mataki na bakwai kunne zai ƙagu, in na sauka a na biyar zai ɗan jira, in na koma na ɗaya zai kwanta. Yanzu ina iya jinkirta komawa gida da gangan, in ja ran mai saurare, abin da a da ba ni da ikon yi domin ban ma san akwai gidan ba.

Tarko Na Biyu

Da labarin ya tsaya a nan, da dattijo ya ci gari. To amma ƙa'ida ma tana da nata rami, kuma na faɗa cikinsa har wuya. Da na ga hawa da sauka ba ya zama kiɗa, sai na shiga haddace jimlolin manya. Na ɗauki wani zagaye da wani gwani Ba'amurke ya kaɗa, na rage saurinsa, na kwashe shi sauti-sauti har ya zauna a yatsuna.

A walimar ƙarshen shekara ta malamai aka matsa mini in ɗan taɓa. Na tashi na zuba wannan hadda daga farko har ƙarshe babu tuntuɓe. Aka yi ta tafi. Wani abokin aikina ya dafa ni ya ce, "Malam, yanzu duk wannan daga kanka ya fito nan take?" Na yi murmushi, na ce, "To, ana dai taɓawa." Ban ce e ba, ban kuma ce a'a ba, amma ni na san abin da na bari ya fahimta. Daren nan ban yi barcin kirki ba. Ni ne fa mutumin da ke tsaye a kan ɗalibai ranar jarrabawa, ni ke ƙwace takardar wanda ya leƙa ta maƙwabcinsa, ga shi na karɓi yabon aikin wani na sa aljihu. Sai da na same shi a ɗakin malamai bayan hutu na gaya masa gaskiya, na kunna masa ainihin mai kiɗan. Ya yi dariya ya ce shi bai ga abin damuwa ba. Ni kuwa na gani.

Abin da na fahimta shi ne, ana iya cika kowace ƙa'ida a kuma kasance ba a ce komai ba. Haddar nan tawa babu sauti ɗaya da ya fita daga tsani, amma babu sauti ɗaya da ni na zaɓa. A wata shidan farko sabon yatsuna ke mulkina, yanzu kuma yatsun wani ke mulkina, duka biyun dai babu ni a ciki. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, 'yan'uwa marubuta: waƙoƙi nawa muka saurara a zaurenmu waɗanda karinsu bai karye ko sau ɗaya ba, amsa-amonsu ya zauna daram, amma kafin a kai ƙofa an manta da su? Littattafai nawa ne aka buɗe su da irin buɗewar da aka saba, aka rufe da irin rufewar da aka saba, in ka cire sunan marubucin ka sa na wani babu mai ganewa?

Ba koyi nake zargi ba, domin babu mai fasahar da ya faɗo daga sama. Monroe ɗan auta ne a cikin 'ya'ya takwas, kuma mandolin ta zama rabonsa ne saboda yayyensa sun riga shi ɗaukar goge da jita. Bayan rasuwar iyayensa ya zauna a hannun kawunsa Pendleton Vandiver, mai goge, yana raka shi wuraren rawa. Ya kuma yi kiɗa tare da wani baƙar fata mai suna Arnold Shultz, wanda a wurinsa ya sha salon kiɗan baƙaƙen Amurka. Har ya tsufa bai daina ambaton mutanen nan biyu ba, kawun nasa ma waƙa ya yi masa sukutum. Haka nan namu Abubakar Imam, da zai rubuta Magana Jari Ce wadda ta fara fitowa a 1937, an tara masa littattafan labarun Larabawa da na Turawa da na wasu al'ummu ya karanta, kuma bai ɓoye haka ba. Amma wa zai karanta labarun aku da Waziri ya ce ba Bahaushe ne ke magana ba? Bambancin koyi da sata abu biyu ne: mai koyi yana narkar da abin da ya ɗauka har ya zama jininsa, kuma in an tambaye shi inda ya samo ba ya ɓoyewa. Ni a daren walima na kasa cika ko ɗaya.

Ƙaramin Tsani

A shekara ta biyu na shiga ƙaramin tsani, a nan kuma tambayar ta sake fuska. In ka ɗauki babban tsanin G ka sauko da mataki na uku da gaɓa ɗaya tak, daga ta 4 zuwa ta 3, sai ka ji kamar hadari ya rufe rana. In ka sauko da na shida da na bakwai su ma, ka sami cikakken ƙaramin tsani. Littattafan koyo kan ce babba na murna ne, ƙarami na baƙin ciki, tazarar da ke tsakaninsu kuwa ba ta kai faɗin yatsa ba.

Akwai abin da ya fi wannan ban mamaki. Sautuka bakwai na babban tsanin G su ne dai sautuka bakwai na ƙaramin tsanin E, babu ragi babu ƙari. Abin da ya bambanta su kawai shi ne inda ka mayar gida. In ka riƙa komawa G kana hutawa, kiɗan ya yi haske, in ka mayar da E masaukinka, ya yi duhu. A shekarar ce mahaifina ya rasu, Allah ya jiƙansa. Bayan an share makoki na yi kusan wata biyu ban taɓa ta ba. Ranar da na ɗauka, ban yi niyyar kaɗa wani abin tausayi ba, tsanin G na fara kamar kullum, sai na ga yatsana ya ƙi tsayawa a gidan da ya saba, yana ta zamewa yana sauka a E. Wannan ne karo na farko da na kaɗa abin da ba hadda ba, ba kuma lalube ba. Ƙa'idar da na sha wahalar koya ita ta ba ni wurin ajiye abin da bakina ya kasa faɗa. Da ban san tsanin ba, da baƙin cikin yana nan, amma ba shi da ƙofar fita.

To amma shin baƙin cikin a cikin sautin yake, ko a cikin kunnen da aka saba masa? Masana sun bincika. A 2009 wani mai bincike, Thomas Fritz, da abokan aikinsa sun buga sakamakon gwajin da suka yi a tsakanin Mafawa na duwatsun Mandara a arewacin Kamaru, mutanen da ba su saba da kiɗan Turai ba. Sun iske suna iya rarrabe kiɗan murna da na baƙin ciki da na tsoro fiye da yadda dace kaɗai zai bayar, ko da yake ba su kai Turawa ba. A 2022 kuma wasu masu bincike daga Ostareliya sun je wasu ƙauyuka masu nisa a Papuwa Niyu Gini suka gwada babban tsani da ƙarami, suka ga waɗanda suka fi ƙarancin jin kiɗan Turai ba su nuna alamar ɗaukar babba a matsayin na murna ba. Mu ma nan shaida ne, domin yawancin kiɗanmu na gargajiya a kan sautuka biyar yake tafiya, kuma mai kukuma na iya sa mutane rawa da raujin da Bature zai ce na makoki ne.

Abin da na ɗauka daga nan shi ne, mafi yawan ƙa'idar fasaha yarjejeniya ce tsakanin mai yi da mai saurare, kamar dai harshe. Babu abin da ya sa dole a kira ruwa "ruwa", amma in ka ga dama ka kira shi da wani suna da ka ƙirƙira, ƙishirwa za ta kashe ka a bakin randa. Saboda haka ƙa'ida ba wahayi ba ce da za a ce ba ta taɓuwa, kuma ba wasa ba ce da kowa zai yar a ranar da ya ga dama, domin akwai mutum na biyu a cikinta. Wanda ya karya kari bisa jahilci ya saɓa alkawarin da kunnen mai saurare ke jira, bai kuma ba shi komai a madadinsa ba.

Ana canza yarjejeniya, amma waɗanda suka san ta ke canza ta. Monroe kan jefa mataki na uku na ƙaramin tsani a tsakiyar kiɗan da ke kan babba, abin da littafin koyo zai kira kuskure, daga nan kuwa wani ɗanɗano na salonsa ya fito, murna mai ɗaci a ƙarƙashinta. Srinivas, wanda aka haifa a 1969 ya rasu a 2014, ya ga tsirkiyoyi bibbiyu ba za su ba shi lanƙwasar sautin da kiɗan kudancin Indiya ke bukata ba, sai ya koma ga mai tsirkiya biyar ɗai-ɗai mai aiki da lantarki. Ya sauya kayan aikin ne domin ya cika wata ƙa'ida da ta fi ta farko tsanani.

Hujjar Da Za A Kawo Mini

Na san wani zai ce, "To Malam, Shata fa? A wace makaranta ya koyi tsani?" Gaskiya ne, Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya shahara da ƙaga waƙa nan take a gaban jama'a, kuma ba gadon kiɗa ya yi ba. Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da tsirkiya ɗaya ta kuntigi ya zagaya duniya. Za a ƙara da cewa Imru'ul Ƙaisi ya yi waƙoƙinsa tun ƙarni na 6, Halilu ɗan Ahmad na Basra kuwa sai a ƙarni na 8 ya tsara ilmin aruli. Ashe waƙa ta girmi ƙa'ida ke nan.

Amsata ita ce, waƙa ta girmi littafin ƙa'ida, amma ba ta girmi ƙa'idar ba. Halilu bai ƙirƙiro karuruwan nan ba, saurarar waƙoƙin magabata ya yi ya fitar da ma'aunin da ke cikinsu tun asali. Wanda kuma ya saurari Shata da kunnen basira zai ji cewa duk yawon da zai yi da magana, kalangai na riƙe da taki, 'yan amshi na jiran sa a wuri sananne, kuma ba ya saɓa musu. Ya koyi wannan ne a dandali da kasuwa, shekara da shekaru, har ya zauna masa a jiki ya daina ƙirgawa. Abin da matashinmu ya hango ke nan ya ɗauka rashin ƙa'ida ne. Gwani ba ya ƙirga gaɓoɓi a lokacin waƙa don ya riga ya gama ƙirgar tun da daɗewa, yadda mai tuƙa keke ba ya tunanin feda.

Amma akwai inda matashin ya yi gaskiya, kuma wajibi ne mu manya mu karɓa. Sau da yawa mukan mayar da ƙa'ida sandar duka. Mukan ƙirga wa yaro kurakuransa huɗu a gaban jama'a, mu manta da tambayarsa abin da yake son faɗa, alhali ƙa'idar don faɗar aka yi ta. Ni kaina na yi haka a aji, na mayar wa ɗalibi insha'insa ja-wur da jan biro, ban ce masa komai ba game da labarin kakarsa da ya zuba zuciyarsa a ciki. Wanda aka yi wa haka zai tsani tsanin tun bai taka matakin farko ba.

Kuskure Da Gyaransa

Abu na ƙarshe da mandolin ta koya mini ya shafi kuskure. Mai ƙagawa nan take ba shi da abin gogewa, sautin da ya fita ya fita, kamar magana, wadda Hausawa suka ce zarar bunu ce. Wannan tsoro ne ya kai ni ga hadda tun farko. Daga baya na lura da wani abu a lissafin: sautuka biyar ɗin nan da ke wajen babban tsani, kowane ɗayansu yana tsakanin biyu na ciki ne. Ma'ana, duk inda yatsanka ya faɗa bisa kuskure, daidai tana nan gaɓa ɗaya gabanka ko bayanka. In ka daskare, ko ka tsaya, kowa ya ji ka yi kuskure. In kuwa ka zame zuwa maƙwabciyar gaɓa cikin taki, sai kuskuren ya zama ado, ya zama kamar ɗan jinkirin da ke ƙara wa isowa daɗi. Sai dai wanda ya san tsani ne kaɗai ya san ya kauce, shi ne kuma ya san ta inda zai dawo. Wanda bai yarda akwai daidai ba, ba shi da hanyar gyara, domin a wurinsa babu abin da ya ɓaci. Ina ganin haka abin yake a halin mutum ma, ba a kiɗa kaɗai ba.

Kammalawa

Amsata ga tambayar da na buɗe da ita ke nan: ƙa'ida takan zama takunkumi ga mutum biyu, wanda ya ƙi koyon ta, da wanda ya koye ta ya tsaya a nan. Ga na uku, wanda ya koye ta domin yana da abin faɗa, tsani ce. Ba mu muka zaɓi sautukan da muka tarar ba, haka harshen da aka haife mu a ciki da karuruwan da magabata suka bari. Abin da aka bar mana shi ne inda za mu mayar gida, da gaskiyar da za mu faɗa in an tambaye mu na wane ne wannan.

Ga ƙanena matashi, in wannan mujalla ta kai hannunka: ka dawo. Abin da ke zuciyarka ba zai huce don ka koyi awo ba, in ya huce to dama bai yi zafi ba. Ka zo da waƙar nan taka, mu zauna mu duba wurare huɗun, wataƙila uku gyara suke so, na huɗun kuma ya zama kai ke da gaskiya, sai dai ka iya faɗa mana dalili. Ga iyayenmu dattawa kuma, Allah ya ƙara girma, a riƙa tambayar yaro ina za shi kafin a gaya masa ya ɓata hanya. Ni dai har yanzu ɗalibi ne, ɗan ƙaramin yatsana bai gama jin magana ba. Allah ya sa mu dace, amin.